Ire-iren Almajiran Iska

Duk wanda ya tsaya a bakin mashigin Solent, wanda ya raba tsibirin Wight da kudancin Ingila, ya ga ƙananan jiragen ƙyalle sun watsu bisa ruwa, ba inji ba mai tuƙi da itace, sai ya zaci al'amarin bai wuce mutum ya zauna iska ta yi masa bauta ba. Alhali kuwa jirgin ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai an karkata shi wajen daraja 45, a yi dama a yi hagu, har a isa wurin da ido ya daɗe da isa. Ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa ta RYA, wadda asalinta ya koma 1875, ta tsara darasin farko ya zama na kwana 2, kuma a cikin kwanakin nan biyu, kafin almajiri ya san komai game da iska, malamin da ke biye da shi a jirgin ceto ya gama sanin ɗabi'arsa.

Na farkon almajiran shi ne ma'abucin littafi, wanda tun kafin ƙafarsa ta jiƙe ya haddace matanin da sharhinsa da hashiyarsa, ya san ma'aunin iska na Francis Beaufort na 1805 daga sifiri har 12, yana kuma iya kawo hujja a kan cewa jirgin da iska ke bugowa ta hagunsa shi ne zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa. In an tambaye shi ta ina iska ke zuwa yanzu, sai ya ɗaga kai ya duba 'yar tutar da ke kan jigo, ya duba agogo, ya yi ƙiyasi, alhali iskar tana kaɗa masa kunnen hagu tun safe. Shi ne wanda ya fi kowa shiga halin nan da jirgi ke tsayawa cik da goshinsa cikin iska, ƙyalle yana faɗaɗa, ba gaba ba gefe, kamar jakin da ya ga gada. A nan zai zauna yana bayyana wa abokin tafiyarsa sababin abin dalla-dalla, jirgin kuwa yana komawa da baya a hankali.

Sai tsohon direba, wanda hannunsa ya shekara talatin yana juya sitiyari dama mota ta yi dama. Sandar tuƙin jirgi kuwa mazhabarta dabam: ka tura ta dama, goshin jirgi ya nufi hagu. Hankalinsa ya karɓi wannan fatawa, hannunsa ya ƙi, saboda haka duk sa'ad da ya hangi wani jirgi ya yi niyyar kauce masa, sai ya auka masa daidai tsakiya, yana neman gafara tun kafin a yi karon.

Amma wanda ya fi wahalar da jirgin ceto shi ne sarkin ƙarfi, wanda ya yi imani cewa babu mas'alar da damtse ba ya warwarewa. Malam ya gaya masa, ya sake gaya masa, cewa igiyar babban ƙyalle a hannu ake riƙe ta, in iska ta buso da ƙarfi a sassauta ta, ƙyalle ya zubar da iskar jirgi ya miƙe. Shi kuwa a wurinsa sassautawa ragwanci ce, don haka sai ya ja ta iyakar ja, ya naɗe ta a hannu, wani lokaci ma ya ƙulle ta. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Jirgi ya karkata, ruwa ya shigo ta gefe, sai ga gwarzo a cikin ruwan da ko a watan Yuli sanyinsa yana ɗauke numfashi. Hanyar ta da jirgin sananniya ce, wato mutum ya zagaya ta baya, ya hau allon nan da ke fitowa ta ƙarƙashin jirgi, ya kama igiya ya jingina da nauyinsa har jigo ya fito daga ruwa. Kuma a gaskiya a nan ne kaɗai baiwarsa ke da amfani, sai dai yakan yi da himmar da ta wuce kima, jirgin ya taso ya kife ta ɗaya ɓangaren.

Matsoraci ba ya bukatar dogon bayani, domin yana tsugune a tsakiyar jirgi ya rungume jigo, ko an ce ya zauna a gefe nauyinsa ya daidaita jirgin sai ya ce daga nan ma yana gani. Haka ma mai ado, wanda ya sayi rigar ruwa da safar hannu da tabarau, kuɗinsu ya kusa na tsohon jirgi, babban abin da yake gudu shi ne kada su jiƙe.

Akwai kuma maigida da uwargida a cikin jirgin Mirror mai jan ƙyalle, irin wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka zana a 1962 domin mutum ya sayi katakonsa ya harhaɗa a gida. Da yake maigida ne ya harhaɗa shi, sai ya ɗauka sarautar ruwa ta zo masa tare da ƙusoshin. Sunna ce mai tuƙi ya yi shela kafin ya juya, musamman in iska tana baya, domin sandar da ke kwance ƙarƙashin ƙyalle takan tsallako da gudu, ba ta kuwa tambayar kan wane ne. Shi kuwa sai sanda ta riga ta wuce sannan yake cewa a sunkuya. Na lura cewa a rana ta biyu malamai masu hikima sukan raba su jirgi, ba don koyarwa kaɗai ba, har da kiyaye igiyar aure.

Mai dogon buri ya ji labarin Frank Dye, wanda ya tuƙa Wayfarer, jirgin da bai kai ƙafa 16 cif ba, daga Sikotilan zuwa Aisilan a 1963, ya kuwa ƙudura shi ma zai yi. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi kwance igiyar da ta ɗaure shi a gaɓa.

Duk waɗannan kuwa, yarinya 'yar shekara 9 ce ke kewaye su a cikin Optimist, wani ɗan akwati mai ƙyalle guda wanda Clark Mills ya zana a Amurka a 1947, ba ta san Beaufort ba, ba ta san daraja 45 ba, iska kawai take ji a kumatunta tana biye mata. Ta zo wucewa ta ga ma'abucin littafi jirginsa yana ta komawa da baya, ta ce masa cikin ladabi, "Baba, tura sandar gefe ɗaya ka bar ta, zai juya da kansa." Ya gyara zaman tabaransa, ya yi mata godiya, ya ce haƙiƙa maganarta tana da fuska, amma bai iso wannan babin ba tukuna.