Ayarin Masu Kallon Tsuntsaye

Daga Bauchi zuwa Yankari, ta hanyar Dindima, tafiyar kamar awa biyu ce, kuma kafin mota ta kai ƙofar Mainamaji ka gama sanin halin kowa. Dajin yana da tsuntsaye sama da iri 350, amma wallahi masu zuwa kallonsu sun fi su abin kallo.

Ga Malam mai littafi, madubin hangen nesa rataye a wuya kamar laya. Da cilakowa ta sauka sai ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, ya shiga laluben sunanta na Latin. Kafin ya gano shafin, ta kai Alƙaleri.

Kusa da shi Alhaji ne, wanda kowane tsuntsu da tukunya yake auna shi. Ya ga zabin daji ya haɗiyi yawu, ya ga fakara ya tambayi ko an zo da yaji. Aka tuna masa tun 1956 aka keɓe dajin nan, ba a farauta. Ya ce ai shi ma da ido yake ci.

'Yar Facebook kuwa ba ta ga ko balbela ba, don duk inda ake kallo nan take ba wa baya, tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Hajiya mai kula. Tun asuba ta soya masa, irin tamu ta Bauchi mai laushi, ga miyar taushe a wani kwano. Ma'aikata suka ce ta yi hattara da birai. Ta ce ita da ta raini 'ya'ya tara, biri ne zai gagare ta? To, gwaggon birin sansanin Wikki ba baƙo ba ne a harkar. Ya zo a natse kamar an aiko shi, ya sunkuci kular, ya haye rufin ɗaki, ya buɗe marfin da hannu, yana ci yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta bi shi da magiya: "Bawan Allah, masar na yafe, dawo min da kular, ta aro ce!"

Sai jarumin baki, wanda tun daga Bauchi yake ba mu labarin kakansa maharbi mai shiga daji da kan burtu. Wani mugun dawa ya ɓullo daga bayan ɗaki, ya durƙusa yana kiwonsa, ko kallonmu bai yi ba. Muka waiga, jarumi yana kan mota. Wai giwaye yake hango mana.

Sauran tuni sun faɗa ruwan ɗumin Wikki, sai la'asar aka fito da su.

A hanyar komawa Malam ya nemi kowa ya faɗi abin da ya gani don ya rubuta. Shiru. Can direba, da ya wuni kwance a gindin bishiya, ya ce wasu burtu guda biyu sun zo sun daɗe suna leƙa madubin motar.