Yadda Na Kai Ƙwari Hutun Bazara

Duk magidancin da ya ajiye gari da yawa a bazara ya san ba iyalinsa kaɗai yake ciyarwa ba. Ana gab da azumi na auno masara a Dawanau aka niƙo, ba a jima ba jajayen ƙwarin nan suka tare a buhun, har da jikoki.

Ɗana mai karatun aikin gona ya ce, "Baba, sanyi ne ajalinsu. A ƙulle garin a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ya yi mako guda cur. Har ƙwan ba zai tsira ba. In an fito da shi kada a kwance sai sanyin ya sake shi, don kada ya yi gumi ya cure."

Uwargida ta ce, "Malam, ga rana kyauta, ga rariya, ga busasshen barkono." Na ce zamani riga ne.

Firiza ɗaya ce a layinmu na Rangaza da ke Ungogo, ta Hajiya mai ƙanƙara. Ta ce garina zai tare wurin zoɓonta, kuma kowa ya san darajar abu mai sanyi a lokacin buɗa-baki. Na biya kuɗin haya.

A daren taransifomar unguwa ta buga. Ƙanƙara ta narke, ƙulle-ƙullen zoɓo suka farfashe, ledata kuwa ashe ƙwarin sun riga sun yi mata tagogi. Da na je dubawa, na tarar garin ya zama jan curi, masu gidan suna ta kai-komo cikin nishaɗi.

Ɗana ya yi bayani a tsanake: sanyin da bai kai ba sumar da su kawai yake yi, ɗumi na dawowa su miƙe. Wato Ungogo na fama da zafin digiri 40, ni ina gumi a ƙarƙashin darbejiya, su suna shan ni'ima da kuɗina.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta tuƙa mana jan tuwo mai tsami-tsami. Yara suka ce a ƙara.

Ina wanke hannu sai ga ɗan aiken Hajiya: wai tana gaisuwa, kuma saura kuɗin zoɓon da garina ya shanye.