Gwanin Cikin Ɗaki

Ina da wani ciwo da ba a kai shi asibiti: ina son a ce na iya, amma ba na son a gan ni ina koyo. Tun a makarantar allo haka nake. In malam ya biya mana, sai in zagaya bayan zaure in yi ta nanatawa a ɓoye, don kada wani ya ji harshena na tuntuɓe. Da wannan hali na girma a Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, kuma da shi na je na ɗauko wa kaina abin da ya fi komai tona asirin mai irin halina.

Abin shi ne kiɗa da rubutun kwamfuta, wato kodin na kai tsaye. Babu fiyano a gabanka, babu ganga. Kana rubuta umarni, kwamfuta na fitar da sauti nan take, kana sauya rubutun, kiɗan na sauyawa ba tare da ya yanke ba. Na fara da Sonic Pi, manhajar kyauta da Sam Aaron ya ƙirƙira a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2012 don koyar da 'yan makaranta. Ka rubuta play 60, ta buga maka sauti guda. Ka rubuta sleep 1, ta dakata daƙiƙa ɗaya. Ka zuba su cikin live_loop, su yi ta zagayawa har sai ka canza musu umarni. Don yara aka yi ta, sai ga ƙato da furfura a gemu yana kulle ƙofa kafin ya buɗe ta.

A ɗaki kam, ni gwani ne. Na ɗauki sautin filafili yana dukan ruwa da wayata, da ƙarar injin kwale-kwale, da hayaniyar masu cinikin warangi a bakin tafki, na yayyanka su na zuba wa kwamfuta. Na kuma koyi wata dabara da Godfried Toussaint ya bayyana a 2005, cewa in ka raba bugu daidai gwargwado a cikin gurabe ta lissafin Yuklid, za ka sami tsarin kaɗe-kaɗen gargajiya da dama. Bugu 7 a gurabe 12, alal misali, yana ba da salon da ake kaɗawa da ƙarfe a sassan Afirka ta Yamma. Ranar da na ɗora filafili a kan wannan tsari na yi rawa ni kaɗai, labule a sake.

Matsalar ita ce masu wannan fanni suna da sharaɗi. A 2004 wasu daga cikinsu suka haɗu a birnin Hambug na Jamus suka kafa ƙungiyar TOPLAP, kuma babban abin da suka nace a kai shi ne mai kiɗa ya haska allon kwamfutarsa da majigi, kowa ya ga abin da yake rubutawa. Dalilinsu mai ƙarfi ne: mutumin da ya duƙufa a bayan kwamfuta, ba ka sani ba ko kiɗa yake yi ko saƙonninsa yake karantawa. A 2012 aka fara tarukan rawa da ake kira Algorave a Landan, kuma Alex McLean, mai manhajar TidalCycles, yana cikin waɗanda suka assasa su. A can, in rubutun mutum ya karye sauti ya ɗauke, jama'a na kallo zai gyara, ba wanda ya mutu. Da na karanta wannan sai gumi ya keto mini, ga shi kuwa ana sanyin hunturu.

Bakina ne ya ja mini. Na yi ta cika baki a majalisa har mai gidan kallon ƙwallo na unguwarmu ya ce, "Malam, ga majigi ga lasifika, ranar da babu wasa ka zo ka nuna mana." Na ce in Allah ya yarda, na koma gida na duƙufa da addu'ar a ɗauke wuta. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda ruwanta ya haifi tafkin nan ya tashi garuruwa da ƙauyukan tsibirai, don samar da lantarki aka gina ta, kuma ina jin duk gaɓar tafkin ni kaɗai ne ke roƙon duhu. Addu'ar ba ta yi amfani ba, don mutumin yana da sola da batura.

Saboda haka na yi abin da matsoraci ke yi. Na rubuta komai tun a gida, na ɓoye a wani shafi. A wurin taro sai in yi ta kaɗa yatsu a kan madannai, ina yamutsa fuska irin ta mai zurfin tunani, sannan in kwafo in manna. Na manta cewa majigi ba ya rufa wa kowa asiri. Layi ashirin suka faɗo bango a lokaci guda. Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta, ya ɗaga murya daga benci na baya: "Kawu, wannan saurin fa? Ko akwai masu taya ka da ba mu gani?" Aka fashe da dariya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Don in wanke kaina sai na ce bari in rubuta sabon zagaye a gabansu. Na manta ban sa sleep ba. Sonic Pi ba ta yarda da zagayen da ba shi da hutu, sai ta tsayar da shi ta baje saƙon kuskure a bango. Yaron ya taso, ya ƙara layi ɗaya, filafili ya dawo, aka tafa masa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne nan ne kaɗai jama'a suka ji daɗi a duk daren. Wani dattijo Basarke ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ba a koyon iyo a kan tabarma."

Ba sai na je Jamus ba kafin in san gaskiyarsa. Mai kalangu yana matsa tsarkiya yana sassautawa a idon jama'a, in wani babba ya shigo fili ya juya zuwa takensa ba tare da ya nemi izinin komawa gida ya shirya ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, 'yan amshi na biye da shi. Masu tseren kwale-kwale a bikin Rigata na Yauri ma a gaban dubban idanu suke ci ko su sha kaye. Duk na san wannan, har ina iya yin lacca a kai, muddin an ba ni mako guda in haddace.

Da a ce labarin mutumin kirki ne, a nan zan ce na shiryu. Mai gidan kallo ya sake gayyata ta, na kuma amsa. Tunda na gane cewa kuskure da gyaransa ne ke burge mutane, na zauna na tsara kuskure guda mai kyau: zan bar sleep da gangan, in dafe kai, in ce subhanallahi, in ƙirga uku a zuci, sannan in gyara. Kullum da dare ina bitarsa a ɗaki, ƙofa a kulle. Ɗan ƙanwata kuwa na riga na ba shi kuɗin mota ya je Yelwa gaishe da kakarsa a ranar.