Yadda Ake Neman Ragin Bashi a Arlit Ba Tare da An Ƙaura Ba

Masana harkar kuɗi suna da wata dabara mai kyau a takarda. Wai in bashi ya yi maka katutu, sai ka je wurin mai binka ka ce: kana bina jika ɗari, ga sittin a dunƙule yau, ka yafe arba'in, mu rabu lafiya. Shi ya huta da sintiri, kai ka huta da canja hanya. A Amurka har kamfanoni ake kafawa don wannan ciniki kaɗai. Ni da bakina na yi shi a watannin nan tsakanin Arlit da Akokan, ga kuwa abin da na tsinto wa ƴan'uwa. Ba zan tsaya bayanin yadda ake cin bashi ba. Bashi hanji ne, kuma tun ranar 31 ga Maris 2021 da kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK ya rufe, hanjin garin nan ya ƙara tsawo.

Na ɗaya. Samo dunƙulen kuɗin. Masanan ba su faɗi inda ake samunsa ba, ni ma haka. Mu wuce.

Na biyu. Kada kowa ya san ka samu. Nan ne dabarar take fara ɗingishi, don wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa zama a garin da aka gina musamman saboda rami ɗaya ba. Tun 1971 da SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom, mai butiki ya fi ma'aikaci sanin ranar albashi. Yau ma bai canja ba. Ƙanenka da ke haƙar zinariya a Tchibarakaten ko Djado ya turo maka ɗan abin da ya samu, ka lallaɓa gidan aika kuɗi da rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta fita, ka ja rawani har ido. Kafin ka ninke takardar karɓa, mai nama ya ji. Da La'asar sai ka ga mutum uku da ba ƴan unguwarku ba sun bi sahu ɗaya da kai, ana sallamewa suna miƙo hannu: "Malam, barka da arziki." To wane ragi za ka nema wurin wanda ya san adadin da ke aljihunka har da kuɗin aikawa?

Na uku. Rarraba masu binka, don ba halinsu ɗaya ba.

Banki ba ya jin "don Allah". In albashinka ta wurinsa yake bi, ya riga ya yanki nasa kafin ka gani, ba abin da za a tattauna. In kuwa albashin ya tsaya, kada ka ɓata yawunka kan uwar kuɗi; nemi a ɗauke tarar jinkiri, nan ne kawai ake ɗan samun sassauci. Ma'aikacin zai saurare ka da ladabi, ya ce: "Ranka ya daɗe, sai an tura Yamai." Kuma ka san ta wace hanya ake zuwa Yamai. Hanyar yuraniyom ake ce mata, daga nan zuwa Agadas zuwa Tawa. Kilomita kimanin 240 ne tsakaninmu da Agadas, amma direba ya fi yarda da rairayin gefe bisa ga abin da ya rage na kwalta. An yi shekara hamsin da ɗori ana kwasar arzikin da ya kasance cikin masu kunna fitilun Faransa daga garin nan da a da ake wa kirari da Paris ta biyu, har fim aka yi da wannan suna, amma mai ciki ba ta iya bin hanyarsa sai da addu'a. A Akokan an bar mana tudun sharar ma'adinai, tan kimanin miliyan 20. Wannan ma bashi ne, kuma ban ga wanda ya zo da sittin a dunƙule yana roƙonmu mu yafe arba'in ba.

Ina muka tsaya? Mai butiki.

Je masa da dare, bayan Isha'i, ba gaban masu sayayya ba, don ragin da aka yi a bainar jama'a gobe kowa zai nema. Zai sa a ɗora shayi. Kada ka ɗauko magana a kofin farko, rashin kunya ne. A na biyu ka tambayi iyali da kasuwa. A na uku ka ce:

"Alhaji, maganar ɗan lissafin nan namu ce. Na samu rabi a hannu."

"Madalla, Malam. Kawo rabin, sauran Allah ya hore."

"Ai Alhaji, cewa na yi a rufe shafin."

Daga nan zai jawo littafin, ya laso yatsa. Makaroni da madarar da ka ci, shi ma bashi ya ɗauko su daga wani mai mota da ke shigowa ta Assamaka, shi kuma wani a Tamanrasset yana binsa. Shinkafa kuwa, tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba ta ƙara hawowa kai tsaye daga Kwatano, buhun da ka ɗauka a tsohon farashi ba zai mayar da shi da kuɗin ba ko ka biya duka. Zai dube ka ya ce: "Ɗan'uwa, ni wa zai rage mini?" Abin haushin, gaskiya ya faɗa. In ka dage kana iya samun ragin jika goma da goro ɗaya.

Uwar adashe: kar ka fara. Hajiya ba kuɗinta ba ne, na mata goma sha ne, kuma dukansu sun san ƙofar gidanku.

Na shida, ko na biyar. A rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu sai ranar rigima muke tunawa da ita. Kada kuɗi su bar hannunka sai an ja layi a kan shafinka kana kallo, an ba ka takarda mai cewa an gama, ba "an karɓi wani abu" ba. Nemo shaidu biyu da ba sa binka komai. Na ba ka mako guda.

Saura suruki. Shi ba ya buɗe littafi, ba ya faɗin adadi. Ka kai masa rabi, sai ya ture hannunka: "Haba ɗana, tsakaninmu? Bar shi kawai." Ba a rubuta ba, ba a yafe ba, ba a karɓa ba. Ranar sunan ɗanka zai ba baƙi labarin yadda ya tsaya maka lokacin da aiki ya ƙare, da ranar aurar da ƴarka, kuma kowace shekara kuɗin suna ƙaruwa a bakinsa. Ba ni da shawara kan suruki. Wanda ya samu ya same ni a gida, amma ya ƙwanƙwasa sau uku ya faɗi sunansa, in ba haka ba yara za su ce na tafi Agadas.