Bazazzage a gindin ƙugiya

Kai Bazazzage, bawan Kanawa, labari ya iso mini. An ce ka shigo Sabon Gari sayen kayan wuta a France Road, ka ci karo da ƙugiyar ɗaga kaya tana miƙa rodi saman wani bene, ka ɗaga kai ka saki baki har hularka ta faɗa kwata. Mai adaidaita sahu yana ta danna oda, kai kuwa kana tambayar mutane ko da aljanu a cikin abin.

Zauna in ɗora maka karatu, ko da yake ku ne masu tinƙaho da jami'a. Sunan nan da ka yi ta haɗa baƙinsa a jikin ƙarfen, Liebherr, na wani magini ne, Hans Liebherr, mutumin ƙauyen Kirchdorf a kudancin Jamus. Yaƙin duniya na biyu ya bar garuruwansu a rushe, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Ƙugiyoyin lokacin kuwa sai an yi kwanaki ana harhaɗa su, ƙaramin ɗan kwangila bai isa ya tunkare su ba. A 1949 ya ƙera tasa, TK 10, wadda za a jawo zuwa wurin aiki a tsayar da ita cikin 'yan sa'o'i. Shi ke nan magini ya koma maƙeri. A 1954 ya shiga ƙera motar haƙa ƙasa, ya haɗa da firji. E, firjin gwanjon nan da ka taya, ka ji kuɗi ka ce za ka je sallah ka dawo, gidansu ɗaya. Ya rasu a 1993, kamfanin yana hannun zuriyarsa har gobe, kuma suna da ƙugiya, LR 13000, mai ɗaga tan 3,000.

Mu wannan bai ruɗa mu ba. Tun Bajamushen nan bai ƙera komai ba, 'yan dakon Kano suke tayar da dalar gyada da ka, buhu kan buhu, kusan 15,000 a dala ɗaya, ba inji ba waya, sai gammo da ƙarfin wuya. Gidan da dukiya take wuce uba ta kai jikoki ma muna da shi: Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, ga sunan ɗansa Aminu a kan doguwar gadar titin Murtala Muhammad, wadda ka bi ta ƙarƙashinta kana salati don tsoron kada ta faɗo maka.

Na san za ka ce ku ma kuna da Sabon Gari, kuna da gadar Kwangila. Allah Sarki! Gadar da kafin mutum ya gama bismillah ya sauka.

Watan cika-ciki na tafe. Ka haɗo kuɗin shara, ka haɗa da na yaron da ya tsamo maka hula.