Alhaji, Wa Ya Gaya Maka Sumayya Ta Faɗa Rijiya?

Ku matso kusa, 'yan majalisar Tudun Murtala, masu cewa littafin Hausa na zamani aikin marasa aikin yi ne. Na san ku, kun san ni. Kullum bayan Isha'i kuna kan benci kuna naɗa ministoci kuna saukewa, kuna koya wa kocin Arsenal yadda ake jera 'yan wasa, amma da an hango mutum riƙe da littafi mai hoton budurwa a bango sai a fara gyaran murya. "Malam, kai ma ka koma karatun mata?" Na koma, Alhaji. Kwanakin nan na karanta abin da ya sawwaƙa, tsofaffi da sababbi, na takarda da na waya, kuma ina da bayani.

Ni dai ba manazarci ba ne. Karatuna irin na wanda aka ɗauke wa wuta ne, zafi ya hana shi barci, ya laluba jakar bakkon uwargida ya zaro abin da hannunsa ya taɓa. Abin da ya fara zuwa hannu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, lokacin da yawancinku kuna samari kuna goge takalmi da yamma. Sumayya 'yar masu hali, Muhammad ɗan talaka, dangi suna son a ba mai kuɗi. Ina cikin ba da wannan labari a majalisa, ban kai ko'ina ba, sai Alhajin da ya rantse bai taɓa buɗe irin waɗannan littattafai ba ya ce, "Ai wannan ce ta faɗa rijiya." To, Alhaji, wa ya gaya maka? Wai a fim ya gani. Madalla. Ashe haramcin a takarda yake, da an zuba shi a kaset ya halatta.

Ra'ayina game da littafin? Zumar ta yi yawa. Kalaman da masoyan nan ke yi wa juna, in ka gwada su a kan budurwar yau, za ta tambaye ka ko ba ka da lafiya, sannan ta ce ka turo mata kati. Amma na gane abin da ya sa ya ci kasuwa. Yarinyar da aka yanke wa hukunci a ɗakin manya ba tare da an tambaye ta ba, a shekarun nan ba ta da inda za ta ga an ɗauki kukanta da muhimmanci sai a irin wannan littafi.

Wanda ya hana ni barci da gaske shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammad. Ya kamata ko don albarkacin sunan da ke kan unguwarmu ku ɗan rage murya in ana maganarta. A 1990 ya fito. Kun ce littafin soyayya ne ko? Ku nemo mini soyayyar. Rabi ce da 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa, wanda kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya kai gidan ko'ina, amma aljihunsa a buɗe yake ga Delu, matar bariki da ya ɗauko ya kawo gida. Rikici ya tashi, aka kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ga karatunsu, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Can kuma gobara ta cinye dukiyar Alhaji a kasuwa, amarya ta ga babu sauran romo, zaman ya watse. Daga nan sai a dawo kan Rabi da lallashi da matsin lamba, wai ta yi haƙuri ta karɓi mijinta.

Wannan ƙarshe ya ba ni haushi, har na ajiye littafin na fita tsakar gida shan iska. Da na huce sai na ga ai marubuciyar ba ta yi mana ƙarya ba. Haka ake yi. In da ta sa Rabi ta yi wa Alhaji Abdu dariya ta rufe ƙofa, da mun ji daɗi, amma da mun san tatsuniya muke karantawa. Ta bar mu da haushin ne da gangan, mu je mu san yadda za mu yi da shi.

A nan na gano abin da ke damunku, 'yan majalisa. Kun ce batsa kuke gudu. A'a. Lissafi kuke gudu. Bangon littafin ne ke ɗauke da fure da zuciya, cikinsa kuwa kuɗin cefane ne, da kayan ɗaki, da rabon kwana, da takardar saki da ake rubutawa cikin fushi, da yaran da aka bar wa uwa. Matan nan sun shekara fiye da talatin suna rubuta rahoton abin da ke faruwa bayan labule, kuma a rahoton ba kullum maigida ke fitowa da farar riga ba. Wanda ya ce littafin bai yi ba tun bai wuce shafi na goma ba, a duba da kyau, wataƙila ya ci karo da wani mai kama da shi. Ban ambaci suna ba, Alhaji, daina kallona haka. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Kuma don ku sani, wannan littafi da kuke yi wa kallon na 'yan aiki da amare, Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci, wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft ya buga shi a Indiya a 2012. Shekara da shekaru kuna zargin marubutanmu da kwaso labari daga finafinan Indiya, ga shi Indiyawa sun aiko an kai musu namu. Marubuciyar kuwa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta nemi ilimi da kanta. Shi ya sa da na karanta Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka raba da aji aka haɗa da tsoho Sarkin Noma, na ji muryar wadda ta san zafin abin, ba wadda aka ba labari ba.

Sai kuma Malam, malamin makarantarmu mai ritaya, wanda shi nasa ƙorafin na masu ilimi ne. Shi a wurinsa adabi ya tsaya a kan Abubakar Imam, duk abin da ya biyo baya tarkace ne. Allah ya gafarta Malam, ni ma ina girmama Imam, ban isa in ƙi ba. Amma mu buɗe Ruwan Bagaja tare. Mene ne a ciki in ban da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna zamba gari-gari? Ana ƙarya, ana damfara, ana sa wa abokin hamayya a yi masa dukan kawo wuƙa, mu kuma muna dariya muna cewa hikima. Magana Jari Ce kuwa, masana sun daɗe da nuna cewa da yawan labaransa daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai aka ɗauko su aka sa musu rawani da babbar riga. In Imam ya ara, gwaninta ce. In 'yar Fagge ta ara daga Bombay, lalacewa ce. Malam, wannan hukunci a wane babi yake?

Ban gama da kai ba, Malam. Cikin littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai Jiki Magayi, wanda shi East ɗin ya rubuta tare da John Tafida. Labarin me? Saurayi Abubakar yana son Zainab, mai kuɗi ya zo ya ɗauke ta, saurayi ya shiga duniya neman asirin ɗaukar fansa. Mai kuɗi ya ƙwace budurwar talaka ke nan tun kafin a haifi Gidan Dabino. Kuma So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980, kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi, wato gidan da ya buga littattafan da ka koyar da su. Soyayya ba ta katanga ta shigo adabin Hausa ba. Da sallama ta shigo, ku ne kuka yi kamar ba ku ji ba.

Wannan faɗa ma ba ku kuka fara shi ba. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa irin waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu, aka yi ta gwabzawa a shafukan jarida. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, har tara littattafai aka yi daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i kuma ta matsa wa marubuta da batun rajista. Me ya biyo baya? Takarda ta yi tsada, waya ta yi araha, labari ya tattara ya koma WhatsApp da Wattpad, inda ashana ba ta da aiki.

To, a nan kam zan ɗan zauna a bencinku, don na waya sun gwada mini haƙuri. Wanda na bi kwanan nan, jarumin ɗan shekara talatin ne, likita ne, soja ne, yana da kamfani a Dubai da jirgin sama nasa na kansa. Ba ya magana, ba ya dariya, miskili ne na ajin ƙarshe. Aikinsa lumshe ido da cije leɓe da taune haƙora. Idanunsa kuwa suna rikiɗa su yi ja duk bayan shafi biyu, har na fara tunanin a kai shi asibitin ido na Makka a duba shi. Ita kuma jarumar marainiya ce mai gashi har gadon baya, kishiyar uwa tana gana mata azaba, kuma da an ɗaga mata murya sai ta sulale ta suma. Ba a taɓa samun jarumi mai tuƙa adaidaita sahu daga Kwana Huɗu zuwa Bata ba, ko ma'aikacin kamfani a Bompai da ke jiran albashi. Ga Hausar an cakuɗa ta da Turanci, ba ƙugiya a ƙ, ba ƙugiya a ɗ, ba aya, ba waƙafi. Wasu kuma, gaskiya ce, sun wuce gona da iri a zancen ɗaki, abin da ko kusa ba zan bar 'yata ta karanta ba.

Kun ji daɗi ko? Kada ku yi saurin tafi. Duk da wannan tsiya da na yi masa, da aka kai inda marubuciya ta ce daga nan sai wanda ya biya, hannuna da kansa ya nemi lambar asusu. Ina so in san ko miskilin zai yi magana. Wannan ita ce sana'ar, kuma ba ƙarama ba ce: ka sa mutum mai iyali da bashin mai shago ya damu da wadda ba a taɓa haifa ba. Yarinya tana zaune a ɗakin mijinta a Gama ko Dakata, da waya ɗaya, ba kamfanin ɗab'i, ba ɗan kasuwar da zai riƙe mata kuɗi, tana tara masu karatu daga Maraɗi har Jidda. Ku da kuka raina ta, rubutu mafi tsawo da kuka yi bana shi ne "Allah ya sa alheri" a ƙarƙashin hoton ɗaurin aure.

Kuma ku faɗi gaskiya, wa ya riƙe karatun Hausa a gidajenku? Yaran da kuke biya wa makarantar kuɗi ana cin su tara in sun yi Hausa a aji. Jaridar Hausa, yaushe rabon da ku saya? Matan nan da kuke yi wa dariya su ne ke karanta shafi ɗari a dare ɗaya da harshen da kuke cewa kuna kishinsa. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata a 2016, mata zalla ta kira, kuma ba a rasa masu amsawa ba, don an daɗe ana wasa alƙalami a ɗakunan da kuke zaton barci ake yi. Shirye-shiryen da kuke kallo a Arewa24 kuna cewa a yi shiru, irin su Daɗin Kowa, cikin waɗanda suka rubuta su akwai Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, kuma dukansu daga rubutun littafi suka fito. Su kuma samarin majalisa masu cewa su ba ruwansu da soyayya, na ga littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini a ƙarƙashin katifarku. Sadauki ɗaya ya kashe dubu da sara ɗaya, wannan bai dame ku ba, sai suman marainiya ne ƙarya.

Uwargida, ke ma kada ki yi murmushi ki ɗauka na zama lauyanku. Shinkafar da ta kama ranar nan, kin ce gas ne ya yi ƙarfi. Mun ji, mun yi shiru. Amma mun lura ranar ce aka saki shafin da miskili ya ce yana son ta.

Saura sanarwa guda. Akwai wani dattijo a majalisar nan, mai yawan cewa a ƙone littattafan banza, da ya zo har zaure ya ari Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa, na ɗaya, ya ce iyalinsa ce ke so. Bayan kwana kaɗan ya dawo ya karɓi na biyu, ya ce ta matsa masa. Uwargida ta haɗu da iyalin tasa a gidan suna, ta tambaye ta yaya ta ga littafin. Baiwar Allah ta ce wane littafi? Baba, ba a ce ka yi bayani ba. Ka dawo da na biyun kawai, akwai layi, kuma na ukun yana nan in an gama.