Zuwa ga Maɗoriyar Labarai, 'Yar Gwaggo

Baiwata,

Bayan gaisuwa irin wadda ubangida kan yi wa barorinsa, wato daga kishingiɗe, ina sanar da ke cewa watan cika-ciki ya ƙarato, kuma bana na yanke shawarar riƙe kuɗin shara. Kada ki ce talauci ne, ɗan namiji ba ya rasa abin sallamar 'yar mace. Bara da hannuna na miƙa miki, ko tsintsiya ba ki taɓa ba, kafin in kai bakin zaure na ji wayarki ta yi ƙara, ashe har kin zuba su kaf a data. Kakanninmu sun kafa wannan al'ada don a share tsakar gida, ke kuma kin mai da ita asusun kallon fim mai dogon zango.

Gwaggo ce da bakinta ta ba ni labarin abin da kika yi a 2022, lokacin da kika zo gida wanka. Ta ce tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta jiyo salati daga ɗaki, irin mai ƙarfin nan da ba a yi sai an yi babban rashi. Baiwar Allah ta watsar da rariya, ta zura hijabi a baibai, takalmi ƙafa ɗaya, ta faɗo ɗakin tana tambayar wa ya rasu. Kika ɗago ido jajur kika ce, "Umma, Sumayya ce za ta tafi." Sumayya uku gare mu a dangi. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta Kawu, ta Gwammaja, da jaririyar da ko arba'in ba ta yi ba, kina girgiza kai. Sai daga baya ta gane cewa Nafisa Abdullahi ce ta sanar da barin shirin Labarina. Ta ce da ba don jego kike yi ba, da muciya ce za ta raba ku.

Tun da Aminu Saira ya fara sakin shirin nan a 2020 maigidanki, bawan Allah, ya koyi cin ƙanzo bai yi ƙorafi ba. Da aka kawo Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya, makonni kika yi kina kallonta a kaikaice kina taɓe baki, sai ka ce kishiya aka yi miki. Wai ke ba ki san wannan Sumayyar ba, ba a shawarce ki ba. To wa zai shawarce ki? Ko sisin kwabo ba ki zuba a shirin ba, in ban da kuɗin sharata.

Da a kallo kika tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Kallo ciwon gari ne. Na san dattijo mai furfura da ba a yi masa sallama in ana Daɗin Kowa a Arewa24, yana zaune yana yi wa Kamaye faɗa kan yadda yake zama da Adama, kamar surukinsa. Na san masu iya zayyano siyasar Alfawa ta Kwana Casa'in tiryan-tiryan, amma ba su san sunan kansilan mazaɓarsu ba. Ke taki ta wuce nan. Ke da kika ga labari bai bi inda ranki ke so ba, sai kika naɗe hannun riga kika shiga rubuta naki da mutanen wani. Na rasa sunan da zan ba sana'ar, sai na tuna da maɗorin unguwarmu, wanda in yaro ya faɗo daga mangwaro ake kai masa. Shi ke nan, ɗori kike yi. Duk inda kika ga an karya miki labari sai ki jawo karare da tsumma ki ɗaure, ko ya miƙe ko ya gurgunce. Bambancinku da shi, shi sai an kawo masa, ke kuwa ba wanda ya aike ki.

Na ga yadda ake aikin da idona ranar sunan gidan Kawu. Mata na ta hidima, ana neman mai kwashe shinkafa, aka neme ki sama da ƙasa. Ni na gano ki a ɗakin ajiya, kin ɗare buhun masara, waya na jone da abin cajin tafi-da-gidanka, manyan yatsu biyu na ta rawa a kan gilashi, leɓe na motsi. Na yi sallama sau biyu. Kika ɗaga mini hannu ba tare da kin dube ni ba, kika ce in dakata, Presido na tsakiyar ba da haƙuri. Mutumin da Isah Feroz Khan ya gama fitowa a matsayinsa ya tafi gida ya ci tuwo, shi kika tsare a kan buhun masara yana ba da haƙuri har shafi huɗu.

Sannan ga jama'arki ta WhatsApp. Kowane dare sai kin sauke musu shafi, in kika makara da minti goma an fara aiko hoton agogo. "Anti a ƙara mana." "Allah ya ƙara basira." "Wallahi in kika raba su ba mu yafe ba." An rabu gida uku, 'yan Mahmud, 'yan Presido, 'yan Lukman, ana gaba ta gaske a kan auren yarinyar da babu ita a duniya. Na ji an taɓa fitar da wata daga zauren don ta ce Baba Ɗan Audu yana da gaskiya. Ita ce kaɗai mai hankali a cikinku, don ko ba komai Rabi'u Rikadawa da ya fito a matsayinsa ya fi duk samarin nan iya wasa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda kike ɗaga hanci, kina ganin ke kika ƙago wannan hauka. Zauna in karantar da ke, aikin ubangida ne.

A watan Disamba na 1893 wani likita ɗan Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ya gaji da jarumin da ya ƙirƙira, mai binciken nan Sherlock Holmes. Yana so ya rubuta wasu abubuwan da yake ganin sun fi daraja, jama'a kuwa ba abin da suke so sai Holmes. Sai ya kai shi bakin wani magangarin ruwa a Suwizalan, ya haɗa shi kokawa da abokin gabarsa Moriarty, ya tunkuɗa su ciki, ya kakkaɓe hannu. Kakanninki na Ingila suka ce ba su san zance ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, har sai da ya sake fito da shi a wani littafi a 1901, yana fakewa da cewa labarin ya faru ne kafin mutuwar. Ba su ƙoshi ba. A 1903 dole ya tashe shi ɗungurungum, ya ce ai dama bai faɗa ruwan ba, ɓuya ya yi. Mutum da abinsa, an hana shi kashewa.

Na talabijin kuwa sun fi haka rashin ta-ido. A 1966 aka fara wani shiri a Amurka mai suna Star Trek, na masu yawo a sararin samaniya cikin jirgi, da wani mai kunnuwa masu tsini ana ce masa Spock. Shekara ɗaya tak, a 1967, wasu mata biyu suka fitar da 'yar mujallarsu, Spockanalia, cike da rubuce-rubucen 'yan kallo a kan shirin. Babu intanet, babu waya a tafin hannu. Da tafireta ake bugawa, a gurza a inji, a tura ta gidan waya. Da aka ji ƙishin-ƙishin za a dakatar da shirin a 1968, suka yi wa gidan talabijin na NBC ruwan wasiƙu har aka ƙara musu zango guda. Waɗannan su ne iyayen gidanki a sana'a, kuma ki lura, su har kan sarki suke saya da kuɗinsu, ba da kuɗin sharar kowa ba.

Akwai wadda na san za ta yi miki daɗi. A shirin Dallas an kashe wani Bobby a 1985, mota ta buge shi, aka yi jana'iza, aka shekara ana shiri babu shi. Da masu shirin suka ga kasuwa na ja da baya, sai kawai a 1986 tsohuwar matarsa ta farka daga barci ta tarar da shi a banɗaki yana wanka. Wai duk abin da aka kalla shekara guda mafarki ne. Na tabbata da ke kika rubuta wannan da 'yan zaurenki sun ce basira ce. A 2019 kuma, da aka kammala Game of Thrones, mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke wai a sake ɗaukar zangon ƙarshe, bai yi musu ba. Ba a sake ba. Su ma suka koma ɗori, kamar ke.

Sai dai su can abin har da riba. Wattpad ɗin da kike jibge shafukanki a ciki, a Kanada aka kafa shi a 2006, kuma a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan dala miliyan 600 da ɗoriya. Wata Baturiya, E. L. James, da ɗori ta fara a kan labarin Twilight, ta sauya sunayen mutanen, ta fitar da littafi a 2011, shi da ci gabansa suka sayu fiye da kwafi miliyan 100. Ba zan faɗi sunan littafin ba, don na san Gwaggo kan sa a karanta mata shafin nan. Ke fa? Shekara nawa kina kashe ido, abin da kika tara bai wuce "Allah ya ƙara basira" ba, da katin ɗari biyu da wata ta taɓa turo miki bisa kuskure.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma tunda na ambaci Gizo, bari in yi adalci ko da sau ɗaya ne, kada a ce ubangida azzalumi ne. Ni na san inda kika kwaso cutar, tare muka sha ta a ɗakin Kaka. Kin tuna ba ta taɓa ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi iri ɗaya sau biyu ba? Ranar da muka yi mata aike Gizo ya tsira, ranar da muka sace mata ƙuli-ƙuli Gizo ya sha bulala, kuma laifinsa ya yi kama da namu. Ba ita ta ƙirƙiri Gizo ba, aro ta yi, haka wadda ta ba ta. Ke kuwa tun kina 'yar shekara shida, in an ce ƙurunƙus sai ki ce ba ki yarda ba, a koma. Ko Abubakar Imam, da ya zauna rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da wasu wurare, ya ɗinka musu riga da hula, ya sa a bakin aku. Kada kanki ya kumbura, na ce hanya ɗaya kuka bi, ban ce masauki ɗaya kuka sauka ba.

Na san abin da za ki ce, laifi tudu ne. Za ki tono lokacin da muke leƙen Samanja ta tagar maƙwabta a talabijin marar kala, in an tashi in ɗaura gwangwani a ka in ce ni ne Samanja, in sa ki tsallen kwaɗo a matsayin kurtu. Za ki ce na kalli Ertugrul na Turkiyya, kashi 150 cif, kowanne wajen awa biyu, har na sa kiɗansa a wayata ya tashi a sahun gaba ranar Juma'a. Wannan tarihi nake nazari, yarinya. Daban ne.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na riƙe kuɗin. A babi na 47 na ɗorin naki wani mutum ya ɓullo wanda babu shi a shirin Aminu Saira. Wai ɗan kawun Sumayya ne. Mai sanƙo. Mai tsohon babur da sai an tura yake tashi. Mai rubutu a jarida, wanda in ya zo gidan suna yake zuwa da leda a aljihu. Kika sa masa suna Malam Na-Rowa, kika ce in zai ba da naira ɗari sai ya juya baya ya ƙirga sau uku. Duk dangi sun gane, har Kawu ya kira ni yana dariya yana tari. Babur ɗina lafiyarsa ƙalau, batir ne kawai, kuma ledar nan ta magani ce.

Za ki tambaya ta yaya na sani, tunda zauren na mata ne. Uwargidana na ciki, kuma takan bar wayarta a caji in ta yi barci. Bincike ne ya kai ni, don in san irin ɓarnar da ake yi wa sunana. Binciken ne ya sa na koma babi na ɗaya don in fahimci tushen magana, ya kuma sa ranar Talata na kai ƙarfe biyu na dare a zaune a bakin gado, fuska na haske kamar mai duba. Saƙon nan da ya shigo daga lambarta, mai cewa "Anti don Allah kar ki bari Lukman ya sa hannu a takardar nan," ba ita ta rubuta ba, kuma har yau ba ta san an tura ba.

Saboda haka ga sharaɗi. Yau kwana tara ke nan kin bar Malam Na-Rowa a cikin tsohuwar rijiya, inda ya faɗa garin bin naira hamsin da iska ta ɗauke, kin wuce kina ta bikin wasu. Ki fito da shi kafin cika-ciki, da ƙafafunsa biyu lafiya, ki saya masa batir, kuma a samu wata a cikin labarin, ko bazawara ce, ta ce sanƙon ya yi masa kyau. In na ga haka, ki aiko yaro ya karɓi kuɗin shara, na riga na ƙirga su na ajiye. Kuma shafin jiya gajere ne, a ƙara.

Ubangidanki,
Ɗan Kawu